BABI NA TAKWAS: JINKIRI DA HAUHAWAR KUƊI A MANYAN AYYUKAN GWAMNATI

8.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an tattauna a kan sigogin rubutun bayani, inda aka nuna cewa irin wannan rubutu ba ya tsayuwa sai da hujja da tsari da kuma kalmomin da suka dace da fagen da ake magana a kansa. A wannan babi za a ɗauki batu guda daga cikin al'amuran yau da kullum a yi masa filla-filla, domin ɗalibi ya ga yadda ake sarrafa Hausa wajen bayyana lamarin da ya haɗa tarihi da lissafi da sha'anin mulki. Batun kuwa shi ne jinkirin da ake samu wajen kammala manyan ayyukan gwamnati, da yadda kuɗin da ake kashewa a kansu yake zarce abin da aka faɗa tun farko.

Da wuya a sami garin da ba shi da kangon gwamnati: ko dai ajujuwan da aka tsaya a linta, ko asibitin da ba a yi wa rufi ba, ko hanyar da aka zuba wa jar ƙasa aka kwashe kayan aiki. A shekarar 2011 wani kwamitin da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa ya ba da rahoton cewa akwai ayyukan Gwamnatin Tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Yaran da malami zai koyar suna wucewa ta gaban irin waɗannan ayyuka, suna kuma jin labarinsu a rediyo. Saboda haka ya kamata malami ya san yadda zai fahimtar da su abin da suke gani da abin da suke ji. An ɗauki masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta a matsayin babban misali.

8.2 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar muhimman kalmomin da ake amfani da su a fagen kwangila;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin masana'antar Ajaokuta;
(c) fayyace dalilan da ke haddasa jinkiri, da yadda jinkiri yake haifar da tsada;
(d) nazartar harshen da ake bayanin irin waɗannan ayyuka da shi;
(e) tsara darasin auna fahimta a kan wannan batu.

8.3 Muhimman Kalmomi

Ƙiyasi: lissafin da ake yi kafin a fara aiki, na kuɗin da zai ci da lokacin da zai ɗauka.

Kwangila: yarjejeniya tsakanin mai aiki da wanda zai yi aikin, wato ɗan kwangila, a kan farashi da wa'adi da ingancin aiki.

Kafin alƙalami: kason kuɗin da ake ba ɗan kwangila tun kafin ya fara aiki, domin ya kai ma'aikata da na'urori wurin.

Kasafin kuɗi: tsarin kuɗin shiga da na kashewa da gwamnati ke yi na shekara guda.

Jinkiri: tazarar da ke tsakanin ranar da aka yi alƙawarin kammala aiki da ranar da aka kammala shi a zahiri.

Hauhawar kuɗin aiki: bambancin da ke tsakanin ƙiyasin farko da abin da aka kashe daga ƙarshe.

Jingina: miƙa wa wani kamfani wata kadarar gwamnati ya gudanar da ita na wasu shekaru bisa sharuɗɗa, ba tare da an sayar masa ba.

8.4 Taƙaitaccen Tarihin Masana'antar Ajaokuta

Bayan yaƙin basasa, Nijeriya ta ƙudurta mallakar masana'antar ƙarafa tata ta kanta, bisa fahimtar cewa ƙasar da ba ta narka ƙarfe ba za ta daina sayo rodi da layin dogo da kayan injuna daga waje ba. A shekarar 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar da za ta kula da bunƙasa harkar ƙarafa. A waɗannan shekaru ne, tare da taimakon masana daga Tarayyar Sobiyat, aka tabbatar da samuwar tama mai yawa a Itakpe, kusa da Okene. Wannan ya sa aka zaɓi Ajaokuta, wadda take bakin kogin Kwara, ba nisa da Itakpe. A lokacin yankin yana cikin Jihar Kwara, kafin a ƙirƙiro Jihar Kogi a 1991.

A 1979, dab da ƙarshen mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka sanya hannu a kan kwangila da kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyat, wanda zai kawo na'urori ya girka su. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin ginin. An tsara cewa a zangon farko masana'antar za ta riƙa samar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara, daga baya a faɗaɗa ta zuwa tan miliyan 2.6, sannan miliyan 5.2. An keɓe mata fili mai faɗin hekta 24,000, aka gina gidajen ma'aikata, aka tura matasa masu yawa ƙasashen waje domin su koyo aiki. An yi fatan kammala zangon farko a cikin shekarun 1980.

Wasu sassa, musamman na mulmula ƙarfe, sun fara aiki a 1983 da 1984, amma da curin ƙarfen da aka sayo daga wani wuri. Zuciyar masana'antar, wato babbar tanderun da za ta narka tama, ita ce ta ƙi kammaluwa. Aka yi ta ɗaga ranar buɗewa har zuwa 1994, lokacin da aiki ya tsaya, ƙwararrun Rasha suka koma gida. A lokacin hukumomi sun ce an kammala kashi 98 cikin ɗari na aikin, kuma sassa 40 daga cikin 43 sun tsaya da ƙafafunsu.

Daga nan sai aka shiga zangon jingina. A 2003 aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Solgas, aka soke a 2004. A shekarar nan aka ba kamfanin Global Infrastructure na wani attajiri ɗan Indiya. A 2008 gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke wannan yarjejeniya, kamfanin ya kai ƙara gaban kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa a Landan. Wannan taƙaddama ta ɗaure wa kowa hannu shekara goma sha huɗu, har zuwa 2022 da Nijeriya ta amince ta biya Dala miliyan 496 domin a rufe maganar, alhali kamfanin ya nemi sama da Dala biliyan 5. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da Shugaba Vladimir Putin sun tattauna batun farfaɗo da masana'antar a birnin Sochi na Rasha, amma annobar korona ta 2020 da yaƙin Yukren na 2022 suka biyo baya. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman don harkar ƙarafa. Duk da haka, har zuwa 2024, shekara 44 bayan aza harsashi, ba a taɓa hura wuta a babbar tanderun ba. Alƙaluman da aka fi ambata a jaridu sun nuna an kashe sama da Dala biliyan 8 a kan aikin.

8.5 Dalilan da ke Haddasa Jinkiri

Idan aka tambayi mutumin da ke kan titi dalilin da ya sa ayyuka ba sa ƙarewa, amsar da zai bayar ita ce an cinye kuɗin. Babu shakka almundahana tana daga cikin manyan dalilai, kuma ita ce take ƙara wa sauran dalilan ƙarfi. Sai dai wanda ya tsaya a kanta kaɗai bai gama bayani ba, domin akwai ayyukan da suka gagara ko da a ƙasashen da ake yaba wa da riƙon amana. Ga wasu dalilan:

8.5.1 Ƙiyasi Maras Tushe

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Yawancin ayyukan da suka lalace, tun a kan takarda suka lalace. A 2002 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Bent Flyvbjerg, tare da abokan aikinsa, sun nazarci ayyukan sufuri 258 a ƙasashe 20. Sun gano cewa kusan tara daga cikin kowaɗanne ayyuka goma sun ci kuɗi fiye da ƙiyasinsu. A matsakaici, layin dogo ya zarce da kashi 45 cikin ɗari, gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da kashi 34, titunan mota kuma da kashi 20.

Abin lura a nan shi ne, da a ce kuskure ne kawai irin na ɗan Adam, da an ga wasu ƙiyasai sun yi sama wasu sun yi ƙasa. Amma kusan kullum ƙasa suke yi. Masana sun kawo bayani iri biyu. Na farko shi ne ɗabi'ar kyautata zato: mai tsara aiki yakan lissafa yadda abubuwa za su tafi idan komai ya daidaita, ya manta da damina da ƙarancin kaya da rigimar fili. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayanin wannan ɗabi'a tun 1979. Na biyu kuwa shi ne rage ƙiyasi da gangan. Mai son a amince da aikinsa ya san cewa idan ya faɗi gaskiyar abin da zai ci, za a ce a dakata. Sai ya faɗi kaɗan, domin ya san da zarar an aza harsashi an ɗauki hotuna, ja da baya ya zama abin kunya, dole a ci gaba da zuba kuɗi.

8.5.2 Sassan da Suka Dogara da Juna

Maƙeri ba ya ƙira sai ya haɗa uwar maƙera da masaba da awartaki da zuga-zugi da gawayi. Idan guda ya ɓace, sauran sun zama kayan kallo. Haka masana'antar ƙarafa take, sai dai girmanta ya fi haka nesa ba kusa ba. Babbar tanderu tana buƙatar tama da gasasshen kwal da farar ƙasa, dare da rana ba yankewa, domin idan aka hura mata wuta shekaru take yi tana ci, kuma in ta mutu da narkakken ƙarfe a cikinta ɓarna ce babba.

A Ajaokuta, kowanne daga cikin waɗannan yana da tasa matsalar. Tamar Itakpe ba ta da ƙarfi sosai, domin ƙarfen da ke cikinta bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, sai an tace ta a wata masana'antar daban kafin ta shiga tanderu. Kwal ɗin Inugu bai dace da irin gashin da ake buƙata ba, saboda haka sai an shigo da mai yawa daga waje. Shigo da shi kuma yana buƙatar tashar jiragen ruwa, da layin dogo ko yasasshen kogi. Layin dogon da zai haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri, mai tsawon kilomita 326, an fara shi a 1987, amma ba a buɗe shi ba sai a watan Satumba na 2020, wato bayan shekara 33. Ke nan ko da an gama tanderu a 1994, ba ta da hanyar da abincinta zai iso.

8.5.3 Dogaro da Kasafin Shekara-Shekara

Babban aiki shekaru yake ɗauka, amma kasafi na shekara guda ne. An ƙulla kwangilar Ajaokuta ne lokacin da gangar ɗanyen mai take da tsada, domin a 1980 ta haura Dala 35. Zuwa 1986 ta faɗo ƙasa da Dala 15. Aljihun gwamnati ya yi sanyi, bashin 'yan kwangila ya taru, su kuma suka rage aiki. Ɗan kwangilar da ba a biya ba zai kwashe na'urorinsa ya kai inda ake biya, kuma dawo da su sai an sake ba shi wani kuɗin.

8.5.4 Sauyin Gwamnati

Daga 1979 zuwa 1994 Nijeriya ta ga shugabanni shida: Obasanjo da Shagari da Buhari da Babangida da Shonekan da Abacha. Kowace sabuwar gwamnati takan fara da binciken abin da ta gada, ta sauya shugabannin hukumomi, ta sake lalen abin da za ta ba fifiko. Bugu da ƙari, ɗan siyasa ya fi son aikin da za a rubuta sunansa a jikin allonsa, bisa ga ƙarasa wanda wani ya faro. Ita ma ɗaya ɓangaren ba ta tsira ba, domin Tarayyar Sobiyat da aka ƙulla yarjejeniya da ita ta wargaje a 1991.

8.5.5 Raunin Yarjejeniya da Shari'a

Yarjejeniyar da aka ƙulla cikin gaggawa, ba tare da an fayyace haƙƙin kowa ba, takan ƙare a kotu. Muddin kuwa magana tana gaban alƙali, babu mai zuba jarin da zai kusanci wurin. Dala miliyan 496 da aka biya a 2022 ba ta sayi ko ƙusa ɗaya ba, kuɗin kwance ƙulli ne kawai. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

8.6 Yadda Jinkiri Yake Haifar da Tsada

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa idan aiki ya tsaya, kashe kuɗi ma ya tsaya. Wannan kuskure ne, kuma duk magidancin da ya taɓa fara gini ya tsaya ya san haka. Idan ya kai linta kuɗi suka ƙare, ya yi shekara uku bai koma ba, zai tarar farashin siminti ya tashi, damina ta zaizaye bulo, ɓarayi sun zare rodi, magini ya kama wani aiki, ga kuɗin mai gadi da ya yi ta biya. Abin da ke samun magidanci shi ke samun gwamnati, ta waɗannan hanyoyi:

Na ɗaya, hauhawar farashin kaya da ladan ma'aikata.

Na biyu, faɗuwar darajar kuɗin ƙasa. A 1980 ana sayen Dala ɗaya a kan kimanin kwabo 55. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 Naira ta yi ta faɗuwa, har a 1993 Dala ta kai kimanin Naira 22 a farashin gwamnati. Alal misali, na'urar da ake sayarwa Dala miliyan ɗaya, wadda za a biya kimanin Naira 550,000 a kanta a 1980, ta koma Naira miliyan 22 a 1993, wato ninki arba'in, ba tare da mai sayarwa ya ƙara ko sisi ba. A 2024 kuwa Dala ta haura Naira 1,500.

Na uku, kuɗin ruwa. Bashin da aka ci don yin aiki ba ya jiran aikin ya fara kawo riba.

Na huɗu, ɗawainiyar kula da abin da aka riga aka gina. A kowace shekara ana ware biliyoyin Naira a kasafin tarayya domin albashin ma'aikatan Ajaokuta da kula da na'urori.

Na biyar, tsufan fasaha. Na'urorin da aka zana a shekarun 1970 sai an sabunta su kafin su yi gogayya da na zamanin kwamfuta, kuma ƙwararrun da aka horar domin su sarrafa su da yawa sun yi ritaya ko sun rasu.

Akwai kuma hasara ta shida wadda ba ta shiga littafin akawu, wato amfanin da jama'a suka rasa: ƙarfen da aka yi ta sayowa daga waje, da ayyukan yin da matasa ba su samu ba. Ta haka jinkiri ke haifar da tsada, tsada ta hana biya, rashin biya ya sake haifar da jinkiri. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

8.7 Misalai daga Wasu Ƙasashe

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan cuta ta Nijeriya ce kaɗai. An fara gina shahararren gidan wasannin nan na birnin Sidni a Ostareliya a 1959, tun ba a gama zanensa ba, da ƙiyasin Dalar Ostareliya miliyan 7 da niyyar buɗe shi a 1963. Ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya ci miliyan 102. Haka nan sabon filin jirgin saman Berlin a Jamus, wanda aka fara a 2006 da niyyar buɗewa a 2011. An soke bikin buɗe shi na 2012 ana saura 'yan makonni, saboda tsarin kariya daga gobara bai inganta ba. Sai a watan Oktoba na 2020 aka buɗe shi, kuɗinsa ya tashi daga kimanin Yuro biliyan 2 zuwa sama da biliyan 6.

Sai dai akwai bambanci muhimmi. Waɗannan ayyuka biyu sun yi jinkiri, sun yi tsada, amma daga ƙarshe an gama su, jama'a suna amfani da su. Sannu ba ta hana zuwa. Mafi munin hasara ita ce ta aikin da aka kashe wa kuɗi amma bai kai ga amfani ba.

Daga cikin magungunan da aka gwada akwai auna sabon aiki da makamantansa da aka riga aka gama: maimakon a dogara da alƙawarin mai tsarawa, sai a duba nawa irinsa suka ci a baya, a ƙara wannan kaso a kan ƙiyasi. Birtaniya ta fara bin wannan hanya a farkon shekarun 2000. A Nijeriya kuma an kafa dokar bayar da kwangila a 2007, wadda ta tanadi gasa a fili tsakanin 'yan kwangila da tabbatar da an ware kuɗi kafin a ba da aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

8.8 Harshen Bayanin Ayyuka

A nan ne aikin malamin Hausa yake. Sanarwar hukuma da labarin jarida suna da salon da idan mai karatu bai lura ba, zai ji kamar an faɗa masa komai alhali an ɓoye masa jigon maganar. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a horar da yara su lura da su:

(a) Ɓoye aikau. A dubi waɗannan jumloli:

1. Aikin ya tsaya.
2. An tsayar da aikin.
3. Ma'aikatar ta tsayar da aikin.

A jumla ta 1 aikatau ƙi-karɓau ne, sai ka ce aikin ne ya ga dama ya tsaya da kansa. A ta 2 an yi amfani da aikatau ɗan aji biyar, wanda ya nuna akwai wanda ya jawo tsayuwar, amma lamirin "an" ya rufa masa asiri. A ta 3 ne kaɗai aka san wanda za a tambaya. Irin wannan bambanci ne ke tsakanin "kuɗi sun salwanta" da "an salwantar da kuɗi".

(b) Bayanau na lokaci maras iyaka. Kalamai irin su "nan ba da jimawa ba" da "nan gaba kaɗan" da "dab da kammaluwa" ba su ɗaure mai faɗarsu da komai ba. Wa'adi na gaskiya yana da wata da shekara.

(c) Kaso cikin ɗari. Idan aka ce an kammala kashi 98, tambayar ita ce: kashi 98 na me? Na nauyin na'urorin da aka girka, ko na kuɗin da aka biya, ko na abin da ake buƙata kafin a fara narka ƙarfe? Rijiyar da ruwanta yake gaba ashirin, idan aka tsaya a gaba sha tara, an yi kashi 95 na haƙa, amma har yanzu rami ce ba rijiya ba.

(d) Kwatanta alƙaluma. A watan Disamba na 2017 aka ba da kwangilar gyaran hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, a kan kimanin Naira biliyan 155, da wa'adin wata 36. A 2021 aka sake duba kwangilar ta koma kimanin biliyan 797. Mai karatu na gaggawa zai ce farashin kaya ne ya ninka sau biyar. Mai natsuwa kuwa zai bincika ya gano cewa an sauya aikin ne daga gyara zuwa sake gina hanyar gaba ɗaya, sannan ya yi tambayar da ta fi muhimmanci: me ya hana a gane tun farko cewa gyara ba zai wadatar ba? Wannan ya sake komawa ga maganar ƙiyasi.

8.9 Dabarun Koyarwa

Malami ya fara da abin da yara suka sani, ya tambaye su ko akwai ginin da aka fara ba a gama ba a unguwarsu. Daga nan ya rubuta sababbin kalmomi a allo, ya sa su gina jumloli da su. Sai ya raba musu gajeren nassi, kamar sashe na 8.4, su yi karatun zuci sannan na bayyane. Zai yi kyau ya sa su zana jadawalin shekaru da abin da ya auku a kowace, domin jadawali yana sa tazarar lokaci ta fito fili. Ya kuma sa su rubuta manyan lambobi da kalmomi, saboda yara da yawa ba sa bambanta miliyan da biliyan. Wajibi ne malami ya kiyaye kada aji ya koma dandalin siyasa ko zagin wani. Manufa ita ce yaro ya koyi neman hujja kafin ya yanke hukunci.

8.10 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa makomar babban aiki takan tabbata ne tun kafin a aza harsashinsa: a wurin ƙiyasi, da tanadin kuɗi, da tsara sassan da suka dogara da juna, da rubuta yarjejeniya. Idan aka yi sakaci a nan, jinkiri zai shigo, shi kuma jinkiri ba ya zuwa shi kaɗai sai da tsada. Kuɗin da ake kashewa na jama'a ne, kuma daga aljihun da ake gina ajujuwa da biyan albashin malamai suke fitowa. Malamin da ya koya wa yaro ya tambayi wa ya yi, da yaushe za a gama, da kashi nawa na me, ya koyar da nahawu, ya kuma shirya ɗan ƙasa mai sa ido a kan dukiyar al'ummarsa.

8.11 Taƙaitawa

A wannan babi an kawo ma'anar muhimman kalmomin kwangila, da tarihin masana'antar Ajaokuta daga 1971 zuwa 2024, da dalilai biyar na jinkiri, da hanyoyin da jinkiri ke haifar da tsada. An kuma kawo misalai daga Ostareliya da Jamus, aka nazarci salon harshen sanarwa, sannan aka ba da shawarwari kan koyarwa.

8.12 Jinga

1. Bambanta tsakanin ƙiyasi da kasafin kuɗi, da kuma tsakanin jingina da sayarwa.
2. Me ya sa ake ganin ba kuskure kaɗai ke sa ƙiyasi ya yi ƙasa ba?
3. Yi bayanin alaƙar layin dogon Itakpe zuwa Warri da babbar tanderun Ajaokuta.
4. Idan na'ura tana Dala miliyan 3, nawa ne kuɗinta da Naira a 1980, nawa ne kuma a 1993?
5. Fito da karin magana huɗu daga cikin babin, ka bayyana dacewar kowace da wurin da aka kawo ta.
6. Samo labarin jaridar Hausa a kan wani aikin gwamnati, ka ja layi a ƙarƙashin duk jumlar da aka ɓoye aikau a cikinta, sannan ka sake rubuta ta.
7. Rubuta insha'in bayani mai kalmomi 600 a kan aikin madatsar ruwa ta Mambila a Jihar Taraba, ko ta Kandaji a Jamhuriyar Nijar.
8. Tsara darasin auna fahimta na minti 40 domin aji uku na ƙaramar sakandare, ta amfani da sashe na 8.6.